Kwana Goma da Karen da Bai Iya Iyo Ba

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata ranar Talata a tsakiyar watan Afrilu, saura shekara biyu in ajiye aiki. Tunda kun matsa sai kun ji dalilin da ya sa har yau 'yan kasuwar kifi ke kirana Baban Gagara, to ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama. Ba na maimaita magana.

A lokacin ina babban malamin dabbobi a asibitin dabbobi na nan Haɗeja. Ga wanda bai san tsarinmu ba, likita shi ne wanda ya yi jami'a, shi ke yanke hukunci ya sa hannu a takarda. Mu malamai mu ne ƙafafunsa. Mu ke shiga ruga, mu yi rigakafi, mu yi dandaƙa, mu duba nama a kwata, mu karɓi haihuwa idan ta gardama. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina wannan, kuma ba yabon kai ba, daga Baturiya zuwa Guri babu rugar da ba a san ƙarar babur ɗina ba. Shanu, awaki, dawaki, jakuna, har raƙuma, duk sun bi ta hannuna. Karnuka kuwa sai na mafarauta, dogayen nan masu siririn baki, waɗanda ko wuta ake yi daga sama suna iya bin zomo. Likitarmu a lokacin Dakta Hauwa ce. Sa'ar 'yata ta fari ce, amma ta san aikinta, kuma ba ta ɗaukar wargi.

Wajen ƙarfe ɗaya na rana ta leƙo ofishina ta ce, "Baba Sale, an kira daga wata gonar shinkafa a hanyar Guri. Wai mahaukacin kare ya ciji maigadi. Ina da taro, kai za ka je. In da hali a kawo shi da rai."

Na ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Na ɗauki safar hannu, da bandeji na ɗaure baki, da sandar zarge, wato doguwar sandar nan mai igiya a kai da muke zura wa kare a wuya daga nesa. Na hau babur. Rana kuwa ranar nan, ko kujerar babur ba ta zaunuwa.

Gonar ta wani Alhaji ce, ba zan kama sunansa ba tunda yana raye kuma muna gaisawa. Ɓarayi sun dame shi da ɗibar shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a wurin shanya. Ya je Abuja ya ga wani kare a gidan abokinsa, fuska a murtuke, haƙoran ƙasa a waje, ƙirji kamar turmi. Ya ce ai ko aljani ya ga wannan sai ya juya. Ya sa aka nemo masa irinsa, ya sa masa suna Gagara, ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a jikin wani ƙarfe a tsakiyar daɓen simintin da ake shanya shinkafa, inda babu ko inuwar kara, wai don kowa ya gan shi daga nesa. Kwanansa biyar ke nan a wurin.

Na tarar da mutum ya fi talatin sun yi da'ira, kowa da gora ko fartanya. A tsakiya ga halittar da ban taɓa gani ido da ido ba. Gajere ne, bai kai gwiwata ba, fari da ɗigon ja. Ƙafafu a bauɗe. Hanci kamar an daka shi da taɓarya ya koma ciki. Fatar fuska ta ninku ta ninku. Yana kwance a kan ciki, harshe a waje, yawu na dalala har ya yi kumfa, idanu jajur, yana wani gurnani kamar injin ban ruwan da ya shaƙi iska. Wallahi ni kaina da na gan shi sai da na ce a raina, wannan ai haukar ta kai intaha.

A gefe ga maigadin zaune, riƙe da hannunsa na dama, jini na ɗiga. Sunansa Malam Bukar, dattijo ne siriri mai farin gemu, mutumin ƙauyen da ke bayan gonar. Na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce, "Malam, numfashinsa ne ya hana ni sukuni. Na ga abin wuyan ya shaƙe shi, na ce bari in sassauta masa. Yana ta fizge-fizge, sai haƙorinsa ya kama ni. Ni dai tausayi ne ya ja mini."

Ku riƙe wannan, domin shi ne farkon aiki: kafin ka kalli kare, kalli mutum. Na sa aka kawo sabulu da buta, na ce a yi ta wanke ciwon ana kwarara ruwa har minti goma sha biyar, kada a ɗaure, kada a sa toka ko garin magani, sannan a wuce da shi asibiti a fara masa allura a ranar. Ana cikin wankin na juya ga masu gora.

Na ce, "Jama'a, ba za a kashe shi ba. Ƙa'idar aikinmu ita ce, karen da ya ciji mutum a tsare shi kwana goma. In akwai cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, ba zai wuce kwana goman nan da rai ba. In ya wuce su lafiya, to Malam Bukar ya kuɓuta, kowa ya gani da idonsa. In kuka farfasa masa kai yanzu, kun lalata ƙwaƙwalwar da za a gwada, kun bar bawan Allah nan cikin zullumi."

Aka yi ta gunaguni. Na zura masa sandar zarge, ina ja kaɗan sai na ga harshensa ya fara komawa shuɗi. Na yi maza na saki. Na ɗauko bandeji zan ɗaure bakin, sai na tsaya ina kallo kamar baƙauye a tasha. Ina zan ɗaura? Babu dogon bakin da za a naɗe. Kayan aikina biyu, duk sun tashi a banza a gaban mutane.

Nan ne wani tsoho ya matso, Sarkin Ruwan ƙauyen, wanda maganarsa ta fi ta kowa nauyi a wurin. Ya ce, "Malamin dabbobi, mu ba mu san kwana goma ba. Abin da muka gada shi ne, mahaukacin kare ba ya shiri da ruwa. Ga gurbi nan inda muke kafa inji. A jefa shi. In ya yi iyo ya fito, ka tafi da abinka. In ya kasa, ka ba mu wuri."

To ga inda na yi wautar da ban taɓa yin irinta ba. Na san wannan gwaji ba ya cikin littafi. Amma na yi lissafi biyu. Na ɗaya, jikin karen ya yi zafi kamar tukunya, ruwa zai sanyaya shi. Na biyu, ni ɗan masunta ne daga Guri, na iya iyo kafin in iya alif, kuma tun da nake ban taɓa ganin karen da bai iya iyo ba. Wa ya taɓa gani? Na ce a raina, zai fito, jama'a su huce, na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na ɗaura doguwar igiya a abin wuyansa, muka mirgina shi kan buhu, mutum huɗu suka ɗauka, aka juye shi a gurbin.

Tsulum! Ya ɗaga ƙafafun gaba sau biyu, kan ya rinjaye shi, ya yi ƙasa kamar an jefa dutsen niƙa. Na ja igiya da sauri, sai ga abin wuya ya taho shi kaɗai. Ashe kaurin wuyansa ya kusa kai na kansa, abin ya zame.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, da kakina, da takalmina, da wayata a aljihu. Ruwan ya sha kaina, ga laka, ba a ganin komai. Na lalubo da ƙafa, na nutsa na rungumo shi ta ƙirji. Kai, nauyi! Ɗan abin nan sai ka ce buhun gero rabi. Na fito da shi, na ɗaga ƙafafun baya sama, ruwa ya zubo ta baki da hanci. Babu numfashi. Can sai ya yi wani tari, ya ja numfashi, gurnanin nan ya dawo. Ban taɓa jin daɗin mummunar ƙara irin ranar ba.

Sai dai na ɓata rawata da tsalle. Jama'a suka ɗauka, "Kun gani ko! Ya kasa! Mahaukaci ne!" Sarkin Ruwa ya ce alkawari kaya ne, in ba su wuri.

Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Na tsaya a kan karen, ruwa na ɗiga daga gemuna, na ce, "Baba, na yi kuskure da na yarda da gwajin nan, kuma na janye. Ka kira ni maƙaryaci, na ɗauka. Amma duk wanda zai daki karen nan sai dai ya fara da ni. Wannan kare shi ne shaidar Malam Bukar. Ku ba ni kwana goma. In ya mutu a hannuna, ni da kaina zan zo in faɗa muku."

Sarkin Ruwa ya dube ni. Ya ce, "Ɗan wa ne kai a Guri?" Na faɗa masa. Ya ce ya san mahaifina, sun yi su tare. Ya juya ya ce wa mutane su sauke gorori, kwana goma ba shekara ba ce. Aka samo mai ƙafa uku, na shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, muka taho gari.

Da Dakta Hauwa ta gan mu, ni a jiƙe shi a jiƙe, ta riƙe baki. Ta sa ma'aunin zafi, ta saurari ƙirjinsa, sannan ta ce in ba ta labari. Ina kaiwa wurin gurbi ta dafe kai.

"Baba Sale! Buldog ka jefa a ruwa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, sunan ma yanzu na fara ji."

Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce wannan jinsi daga ƙasar sanyi ya fito. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, iska ta bi dogon hanci ta sanyaya shi. Shi kuwa wannan an gajarta masa hanci, ƙofofin sun matse, maƙogwaron ya cushe, don haka zafin da karen farauta zai yi wasa a ciki shi kashe shi yake. Dalalar yawu, da gurnani, da minshari, da haƙoran waje, duk halittarsa ce. Kai da ƙirji sun yi nauyi, ƙafafu gajeru, shi ya sa yawancinsu ba sa iyo. Ko haihuwa ma, saboda girman kan 'ya'yan, galibi sai an yi wa uwar aiki. Ta ce gadi kuwa, Alhaji ya yi asarar tafiya, domin yawancinsu sanyin hali gare su, ɓarawo ma sai ya shafa kansa ya wuce. Tsoron ruwa kuma, a mutum ake ganinsa, ba a gwada kare da shi.

Ta ce, "Wautarka ta kusa kashe shi, kuma ita ce ta sauke masa zafin. Allah ne ya rufa maka asiri. Amma ban ce ba shi da cutar ba. Ba shi da katin rigakafi, kwana goman nan sai an cika su. Kai ma yawunsa ya taɓa ka, gobe ka je a yi maka allura."

Sai maganar inda za a ajiye shi. Kun san kejin ƙarfen nan na bayan asibiti, ƙarƙashin rufin kwano. Nan ƙa'ida ta ce a tsare kare. Na ce, "Ranki ya daɗe, in ya shiga kejin nan ba zai ga la'asar ɗin gobe ba. Wuta kuma kin san halinta, ba a dogara da fanka." Ta ce to me na gani? Na ce ta ba ni tsohon ɗakin ƙasan nan da muke ajiye igiyoyi, wanda ke ƙarƙashin darbejiya. Ta ce in rubuta cewa ni na nema, kuma mabuɗi a hannuna kaɗai. Na rubuta na sa hannu.

Abin da na yi, daga gidanmu na koyo shi. Yadda uwata take binne randa a jiƙaƙƙen yashi ruwa ya yi sanyi, haka na yi wa kare. Na sa aka kawo yashin kogi amalanke biyu, na baza a ɗakin, ina yayyafa masa ruwa sau huɗu a yini. Na jera randuna uku a jikin bango. Na rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga, iska in ta ratso sai ta shigo da sanyi. Ban lulluɓe shi da buhun ba, domin lulluɓi riƙe zafi yake, a kai yake kwanciya. Gagara ya shiga, ya zagaya sau ɗaya, ya manna cikinsa da randa, ya fara minshari. Masinja ya leƙo yana tambaya wa ya tayar da janareta.

Dakta ta koya mini sauran. Kowace safiya in ɗaga ninkin fuskarsa ɗaya bayan ɗaya, in goge da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, sannan in busar sarai, domin damshi a ninkin nan shi ke zama gyambo. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyu, a faranti mai faɗi, saboda bakinsa ba ya shiga kwano mai zurfi, kuma in ya yi ƙiba numfashin ƙara tsukewa yake. Shinkafa da kifi nake ba shi, amma sai na zauna na cire ƙaya tas. Ni da ko 'ya'yana ban cire wa ƙaya ba! Abin wuya kuwa na jefar. Na je wurin baduku na kwatanta masa majayin doki, ya ɗinka mini ɗan ƙarami mai kama ƙirji da kafaɗa, ya bar wuya sake. Da shi nake zagayawa da shi cikin shingen asibiti bayan sallar asuba, minti goma, kafin rana ta buɗe ido.

Tsiya kuwa na sha ta. Abokan aiki suka sa mini Baban Gagara, har sunan ya kai kasuwa inda nake sayo masa kifi. In na shigo sai su ce, "Ya mai jiki? Ya kwanan jariri?" A gida uwargida ta ajiye mini bokiti da sabulu a zaure, ta ce ba na shigar mata ɗaki sai na yi wanka na sauya kaya. Ban yi musu ba, tana da gaskiyarta.

Duk wannan bai dame ni ba kamar Malam Bukar. Kullum bayan azahar sai ga shi, ya hau motar kasuwa tun daga ƙauye, ya tsuguna a bakin tagar ɗakin yana leƙe. Ba ya cewa komai sai, "Ya ci abinci?" In ce ya ci. "Ya sha ruwa?" In ce ya sha. Sai ya ce alhamdu lillahi, ya ƙirga yatsunsa.

Rana ta huɗu na ce, "Malam Bukar, ana yi maka allura fa. Ko da karen na da cutar, allurar nan tana aiki. Me ya sa duk ka rame haka?"

Ya ce, "Malam, ni na yarda da allura. Su ne ba su yarda ba. Mai ɗakina ta ware mini kwano da moɗa. 'Yata ta zo ta kwashe jikokina. Mai shayi ya ce kofunansa sun ƙare, alhali ina ganinsu. A masallaci in na tsaya a sahu, sai a bar gurbin mutum ɗaya dama, ɗaya hagu. Shekara sittin ina sallah a masallacin nan. In na yi tari sai a zuba mini ido, ana jira in yi haushi."

Daga ranar na daina ganin kare nake jinya. In Gagara ya mutu, ko da zafi ne ya kashe shi, ko ƙaya, babu mai yarda. Za a ce hauka ce, kuma dattijon nan zai ƙare kwanakinsa ana gudunsa.

Rana ta bakwai abin ya zo. Dakta ta tafi rigakafin shanu can wajen Baturiya, inda waya ba ta shiga. Da safe Gagara ya ƙi abinci. Kafin azahar ya fara zagaye a wuri ɗaya, yana kai cizo baya, yana goga gindi a yashi, yana wani kuka da ban taɓa ji ba. Haki ya tashi, kumfa ta dawo. Ana haka Malam Bukar ya iso, ya leƙa. Sai na ga ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ke nan, Malam."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ni ma na tsorata. Sauyin hali, ƙin abinci, cizon iska, duk suna cikin alamomin da aka koya mana. Ƙa'ida ta ce in kulle ƙofa in jira likita. Amma in na jira, da wannan hakin a wannan rana, kafin ta dawo ya shiɗe. Na tsaya a taga na ce wa kaina, Sale, shekara talatin, duba da kyau.

Sai na lura da ƙudaje. Ba fuskarsa suke bi ba, inda yawu yake. Duk sun taru a gindin wutsiya, irin koren ƙudan nan. Duk wanda ya yi aikin shanu ya san abin da koren ƙuda ke nufi. Wutsiyar buldog 'yar guntuwa ce a murɗe, a manne da jiki. Kwana bakwai ina goge fuska, ban taɓa tunanin ɗaga ta ba.

Na ce, "Malam Bukar, tashi. Ina zaton tsutsa ce. Amma sai an riƙe mini kansa, kuma ba a sa masa takunkumi, zai shaƙe. Bari in nemo wani."

Na leƙa ofis, kowa ya tuna yana da aiki. Na dawo na tarar dattijon ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Wa za ka nema? Ni ai ya riga ya cije ni. Kawo safar."

Na ba shi safar fata mai kauri. Ya zauna a yashi, ya rungume ƙirjin karen, ya tallafe haɓarsa, yana yi masa magana da Barbarci a hankali kamar mai lallashin jika. Na ɗaga wutsiyar. Ashe akwai wani lungu a ƙarƙashinta, zurfinsa ya kai gaɓar yatsa, ya ruɓe, tsutsotsi na motsi a ciki. Wallahi ban taɓa murnar ganin tsutsa ba sai ranar. Na ce, "Malam Bukar, albishirinka!" Na sa hantsaki na cire su ɗaya bayan ɗaya, na wanke da ruwan gishiri, na busar, na shafa magani. Muka jiƙa masa ciki da tafin ƙafa, muka yi ta fifita da murfin kwali. Kafin la'asar hakin ya lafa. Ya miƙe, ya je ya shanye ruwan faranti, ya dawo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar Malam Bukar, ya fara minshari. Dattijon ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Na fita na ba shi wuri.

Da Dakta ta dawo na ba ta rahoto, har da cewa na buɗe ƙofa ba da izini ba. Ta duba ciwon, ta duba ni. Ta ce, "Lungun wutsiyar nan ni ya kamata in faɗa maka, na manta. Da ni ce a tagar nan, da ƙila kulle ƙofar zan yi." Ta rubuta a fayil da hannunta cewa malamin dabbobi ya yi daidai. Takardar tana nan a akwatina.

Kwana goma suka cika ranar Juma'a. Dakta ta gwada shi, ta yi masa rigakafi, ta sa hannu cewa lafiyarsa ƙalau. Ta ce a aika wa mai unguwa takarda. Na ce, "Ranki ya daɗe, takarda ba za ta rufe gurbin sahu ba. Na yi musu alkawari zan zo da kaina." Ta ba ni motar ofis. Muka jira rana ta yi sanyi, muka isa ƙauyen ana shirin la'asar.

Na sauke Gagara a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar masallaci, nesa da tabarmi, da majayinsa na fata. Gari ya taru. Na zuba ruwa a faranti, ya sha yana fantsama shi ko'ina. Ya hango Malam Bukar, ya nufe shi da tafiyar nan tasa ta rangaji, ya kwanta a gabansa. Na ce, "Jama'a, yau kwana goma. Ga shi. Baba Sarkin Ruwa, ka duba da kyau, shi ne ko na sauya?"

Tsohon ya ce, "Wa zai samo mai muni irin wannan har guda biyu?" Aka fashe da dariya.

Na ce, "Bai iya iyo ba, kuma ba zai taɓa iyawa ba, haka Allah ya yi shi. Zafi ne ya kusa kashe shi, ba hauka ba. Malam Bukar lafiyarsa ƙalau."

Sarkin Ruwa ya miƙe. Ya aika aka ɗauko moɗar da aka ware wa Malam Bukar a gidansa. Ya sa aka cika ta, ya miƙa masa ya ce ya sha. Ya sha. Tsohon ya karɓa, ya kafa baki daidai inda ya sha, ya shanye sauran. Sannan ya ce, "Bukar, ka yafe mana."

Na mayar da kare mota wurin direba, na wanke hannu, na yi alwala. Da aka tayar da sallah ina sahu na biyu, daidai bayan Malam Bukar. Na ga Sarkin Ruwa ya matso ta dama har kafaɗa ta taɓa kafaɗa, mai shayi ya matso ta hagu. Allah ya gafarta mini, raka'ar farko ban san abin da na karanta ba.

Alhaji da ya ji cewa karen ba ya gadi, kuma sai an cire masa ƙaya, ya ce ya bar wa asibiti. Na faɗa masa a gaban yaransa cewa dabba ba a sayenta don fuska, kuma wanda ya ɗaure rai a rana zai amsa tambaya. Bai ji daɗi ba. Dakta ta samo wata abokiyar karatunta a Jos, inda sanyi yake, ta karɓe shi. Ranar tafiya Malam Bukar ya zo da tarwaɗa busasshiya a ƙunshe, ya zauna ya cire ƙayar da kansa.

To, ku da kuke fara aiki, ga abin da na samu. Na shekara talatin ina cewa na san kare, ashe karen garinmu na sani. In dabbar da ba ku sani ba ta zo hannunku, ku tambaya kafin ku taɓa, kada kunya ta sa ku jefa ta a ruwa. Abin da kuka koya a ruga da gidan iyayenku kuma kada ku raina shi, randa da koren ƙuda ne suka yi mini aikin nan. Kuma kowace dabba aka kawo muku, ku duba bayanta, akwai mutum a tsaye. Na karɓi haihuwar shanu ba adadi, na ceci dawakai masu tsada, amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, kwana goman nan ne. Don haka ku ci gaba da kirana Baban Gagara. Ina amsawa.